Sandunan da Na Sallama wa Saje Tilman

Ran nan bayan sallar Juma'a muna tsaye a bakin shagon da muke sayen naman halal, sai ɗan wani abokina, yaro mai karatun kwamfuta, ya tambaye ni aikin da na yi kafin gwiwoyina su ce sun gaji. Na ce masa a shagon kayan golf na tsufa, wasan nan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda zuwa rami. Ya yi dariya ya ce, "Baba Lawali, ai wannan easy job ne. Farashi na manne a jikin sanda, you just scan it." Sauran samarin da ke wurin suka taya shi. Ban yi fushi ba, don ni ma ranar da na fara shiga shagon abin da na ɗauka ke nan. Amma maganar ta biyo ni har gida, shi ya sa na zauna in rubuta muku, ku da kuke ganin duk sana'ar da ba a yi da kwamfuta wasa ce.

Ni mutumin Maradi ne, gyaran keke da babur na koya tun ina yaro. Da na zo Greensboro, nan Amurka, na yi ta ɗaukar kwali a manyan ɗakunan ajiya, har Allah ya haɗa ni da wani tsohon Bature, Mista Wendel, mai ƙaramin shagon golf a High Point Road, hanyar da ku yanzu kuke kira Gate City. Shara da sauke kaya ya ɗauke ni yi. Wata rana tayar keken da ake ɗora jakar sanduna ta karkace, aka ce a jefar. Na cire ta na buga ta miƙe. Tsohon ya tsaya yana kallon hannuna. Washegari na tarar ya ajiye mini kujera a ɗakin baya, kusa da teburin aikinsa.

Aikin farko da ya ba ni shi ne cire tsohon mariƙi, robar nan da ke saman sanda inda ake kamawa. Za ka danne sandar a bayis, ƙarfen nan mai baki da ke riƙe abu, ka tsaga robar da wuƙa mai ƙugiya, ka kankare tsohon tef, ka naɗa sabo, ka jiƙa shi da wani ruwa mai warin kananzir, sannan ka tura sabon mariƙi ya shige da sauri kafin ruwan ya bushe. In ka yi jinkiri ya tsaya maka a rabi, sai wuƙa. In ya shiga a karkace, mai sandar zai yi ta buga ƙwallo cikin daji yana zagin kansa, bai san laifinka ba ne. Na yi watanni ba a bar ni na taɓa komai ba sai wannan. Ranar da na ɗauki wuƙa mai miƙaƙƙen baki na karci wata sanda ta girafait, wadda jikinta ba ƙarfe ba ne, zare ne aka naɗa aka ƙame, Mista Wendel ya ɗauke ta ya karya a gwiwarsa a gabana. Ya ce, "Gara ta karye a nan da ta karye a hannun mutum ta soke shi." Ya rataye guntayen a saman teburina, suna nan har ranar da muka tashi daga wurin.

Sai da na iya wannan aka kai ni ga lanƙwasa. Abin da ba ku sani ba, sandar golf kamar riga take, kowa da awonsa. Dogo da gajere ba sa tsayawa iri ɗaya a kan ƙwallo. Muna manna farin tef a gindin kan sanda, mutum ya buga a kan wani baƙin allo, sai allon ya bar shaida a tef ɗin. In shaidar ta fito a tsakiya, sanda ta dace da shi. In ta fito ta gaba ko ta dunduniya, sai a danne kan a na'ura a sa ƙarfe a wuyansa a lanƙwasa kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya gani. Wani ƙarfen yana bi kamar ya san abin da kake so, wani kuma sai ka ji ƙas, wuya ya tafi, ka karya wa mutum sandar da ta fi albashinka na sati. Babu littafin da zai gaya maka lokacin tsayawa, tafin hannunka ne ke ji.

Masu sayayya kuwa iri-iri. Akwai mutanen Irving Park, masu manyan gidaje, likitoci da lauyoyi. Akwai wani likitan haƙori da duk ranar da aka cinye shi a wasa sai ya zo Litinin ya ce sandar ce ta lalace. In karɓa in shiga ɗakin baya in goge ta da tsumma, in daddaki tebur da guduma don ya ji ƙara, in fito in ce ya gwada yanzu. Ya juya ta ya ce, "Ka ga bambanci!" Ban taɓa karɓar kuɗin wannan ba, don ban yi aikin komai ba. Akwai kuma tsofaffin baƙaƙen fata masu wasa a filin gwamnati, su ne suka fi kowa sanin sanda, ba ka isa ka daddaka musu tebur ba.

Abin da ya fi ba ni wuya a sana'ar ba ƙarfe ba ne, farashi ne. Ni ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa. Mahaifina fatun jar akuya yake sayarwa, a gefensa na girma ina jin "albarka" da "ƙara dai". A wurinmu farashi hira ce, in ba a ja ba ba a yi ciniki ba. A nan kuwa sabuwar sanda tana zuwa da kuɗinta daga kamfani, ba ka ƙarawa, ba ka ragewa. Na ce wannan ai ba kasuwa ba ce, gidan waya ne. Sai dai abu guda na taho da shi daga rumfar tsohona wanda bai bar ni ba. Na taɓa ganin ya ce wa wani ɗan ƙauye "na sallama" a kan tulin fatu, mutumin ya tafi neman kuɗi a cikin kasuwa, sai ga wani babban ɗan kasuwa daga Katsina ya taya da abin da ya fi nesa ba kusa ba. Tsohona ko kallon kuɗin bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, ba nawa ba ne, mai su yana zuwa." Da muka koma gida na ce masa ai ba a biya ba tukuna. Ya ce, "Bakina ya riga ya karɓa."

A gilashin shagon Mista Wendel akwai rubutu da jan fenti, da hannunsa ya yi tun shekarar da ya buɗe: soja yana da ragin kashi goma a kan komai. Shi ma ya yi soja yana saurayi, amma bai taɓa ba ni labarin ba, ni kuma ban tambaya ba. Gaskiya rubutun nan bai taɓa burge ni ba. Inda na fito, in mai kaki ya shigo rumfarka ya ɗaga takalmi ya ce ya yi kyau, ka san takalmin ya tafi, sai ka ce Allah ya sa ya yi masa daidai. Ragin da muke yi wa soja ragin tsoro ne. Don haka in na ga wani ya fito da katinsa na soja, ina cire masa kashi goman don patron, wato maigida, ya ce a cire, amma a raina ina cewa ko ina dai mai bindiga shi ne da riba.

Rabin abincin shagon a wurin kamfani ɗaya yake. Ba zan faɗi sunansa ba. Sandunansa ne kowa ke nema a shekarun nan, kuma ba kowane shago yake ba wa izinin sayar da su ba. Mu muna da izinin, muna da allon sunansa mai wuta a bango, muna da akwatinsa na sandunan gwaji. Saboda shi ne mutanen Irving Park suke wuce manyan shaguna su zo ƙofarmu, kuma in sun zo sai su haɗa da jaka da takalmi da ƙwallaye.

Saje Tilman ya shigo wata Asabar da rani, dogo ne baƙi mai faɗin kafaɗa, yana magana a hankali kamar mai tsoron tada wani daga barci. Ya ce tun yana yaro yana ɗaukar wa mutane jaka a filin golf bai taɓa mallakar sabuwar sanda ba, duk kwance yake saye, yanzu za a tura su Iraƙi, yana so ya san akwai abin da ke jiransa in ya dawo. Na auna shi daga wuyan hannu zuwa ƙasa, na sa shi ya buga a kan allo. Mutumin yana da ƙarfi, bugunsa kamar harbi. Na rubuta masa sanduna masu jikin ƙarfe mai tauri, a ƙara musu tsawo, a ɗaga wuyansu kaɗan. Na faɗa masa kuɗin da raginsa na soja. Ya ce zai biya yanzu, na ce dokar Mista Wendel ce soja ba ya biya sai ya karɓi kayansa. Ya miƙo hannu na kama, na ce masa ciniki ya faɗa. A raina da Hausa na faɗa, na sallama.

Kayan suka iso bayan ya tashi. Na rubuta sunansa a jikin kwalin na ɗora a saman kabad a ɗakin baya.

Bai daɗe da tafiya ba kiɗa ya canza. Wakilin kamfanin, wani saurayi mai fara'a da kullum yake zuwa mana da huluna kyauta, ya zo ranar nan babu hula. Ya ce daga yanzu duk shagon da ya sayar da sandarsu ƙasa da farashin da suka yanka, ko da sisi, ko wa aka sayar wa, an yanke shi. Babu gargaɗi, babu roƙo. Kyautar ƙwallaye ko jaka a kan sanda ma ragi ce a wurinsu. Ya ce shi kansa an hana shi tattauna maganar, karantawa kawai aka aiko shi ya yi.

Ku yara kuna saurin cewa zalunci. Ku tsaya. Dokar nan ba wauta ba ce. In aka bar kowa ya rage, babban shago mai rassa ko'ina zai karya farashi har mu mu mutu, don shi dubu yake saye mu goma. Mutum zai zo wurina in ɓata rabin yini ina auna shi, ya ce ya gode, ya tafi can ya saya da araha. Farashi ɗaya shi ne ya sa mai ƙaramin shago da ya iya aiki yake cin abinci. Inuwar da muke zaune ciki ke nan, kuma na san haka.

A lokacin Mista Wendel ya fara rashin lafiya, hannunsa na dama ya daina riƙe abu. 'Yarsa Beki ce ta karɓi shagon, mace mai kaifin lissafi da ta bar aikin banki don kada wahalar ubanta ta tafi a banza. Shi kuma ya koma zama a kujera a ɗakin baya yana kallona ina aiki. Beki ta samo ƙaramar takarda ta manna a ƙarƙashin jan rubutun gilashi, cewa ragin soja bai shafi kayan wannan kamfani ba. Ta tambaye ni ra'ayina, na ce daidai ta yi, ni da ma ban ga dalilin da za mu saka wuyanmu a igiya saboda mai kaki ba. Har ni na riƙe mata tef ɗin.

An fi shekara sai ga Saje Tilman. Da farko ban gane shi ba, ya rame, kuma in zai dube ka sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, wuyansa ba ya juyawa shi kaɗai. Ya ce, "Ina fata ba ku sayar da kayana ba." Na ce suna nan har da ƙurarsu. Na ba shi kofi na ce ya zauna, na shiga baya in sauko da kwalin. Beki ta biyo ni ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Lawali, cikakken farashi ne fa. Ka yi masa bayani, zai fahimta."

Na ce, "Na san zai fahimta. Zai ma biya bai ce uffan ba. Shi ya sa ba zan gaya masa ba."

Ta dube ni kamar na fara taɓuwa. "Ba kai ne ka riƙe mini tef ba? Ba kai ka ce ba za mu mutu saboda soja ba?"

Na ce, "Wancan maganar wanda zai shigo gobe ce. Wannan kayan ba namu ba ne, na sayar da su tun kafin a kawo dokar. Ajiya ce a wurinmu."

"Bai biya ba!"

"Mu muka hana shi biya."

Ta ce kamfani ranar da ke jikin rasit yake dubawa, ba ranar da wani ya gaisa da wani ba. Ta yi gaskiya. Na ce to a rubuta cikakken farashi, a cire cikon daga albashina, ba wanda zai sani. Ta fara tunani. Sai tsohon ya yi gyaran murya daga kujerarsa, duk mun manta yana wurin.

Ya ce, "Lawali, ka ba shi hannu?"

Na ce na ba shi.

Ya ce, "Hannunka a shagon nan hannuna ne, ba za ka biya cikon daga albashinka ba. Beki, rubuta abin da mutumin ya biya. Ban taɓa rubuta ƙarya a rasit ba, ba zan fara da hannun hagu ba."

Beki ta ce, "Baba, ka san abin da ke kan tebur?" Ya ce ya sani, shi ya kafa teburin. Ta fita ta bar mu, kuma ban ga laifinta ba, don ita ce ke biyan haya.

Aikin da ya rage nawa ne. Na manna tef na ce Saje ya buga a kan allo. Ya buga, shaidar ta fito can ta dunduniya, inda da take tsakiya. Ya sake, haka. Bayansa ba ya murɗawa kamar da, ya koma sunkuyawa, bugun da yake kamar harbi ya zama na mai lallashi. Sandunan da na auna wa wancan mutumin sun fi ƙarfin wannan. Shi ma ya gani. Ya tsaya yana kallon tef ɗin, ni kuma na yi kamar ina neman abu a aljihun tebur. Ban tambaye shi abin da ya same shi ba, ba aikina ba ne. Na ce kawai, "Kamfanin nan wani lokacin suna aiko da ƙarfe mai taurin kai. Ka ba ni sati." Ya ce to.

Na gasa wuyan kowace sanda da wuta har gam ɗin ya saki, na zare jikin ƙarfen, na goge ramin, na sa na girafait mara nauyi mai laushi, na rage tsawo, na kwantar da wuyansu, na ɗora kowace a sikeli har nauyinsu ya zo ɗaya. Ban taɓa yin aiki a hankali kamar wannan ba. Da ya dawo ya buga, shaida ta zauna a tsakiya, ƙwallo ta tashi ta daki ragar gwaji da ƙarar da mai sana'a ke so ya ji. Ya buga ya fi a ƙirga, sannan ya goge fuskarsa da hular kansa. Ya biya da raginsa na soja, na raka shi har mota da jakar. Da zai shiga na faɗa masa abin da kowane ɗan kasuwar Maradi ke faɗa wa mai saye in ya ji daɗi, na ce ya gaya wa 'yan uwansa inda ya samu.

Ya kuwa gaya musu. Akwai wani dandali a intanet inda sojoji masu golf ke hira, a can ya rubuta doguwar godiya, da sunan shagon, da sunan kamfanin, da cewa har yanzu akwai inda ake cika wa soja alkawarin ragi. A gida bakin mai saye shi ne tallanka. A nan bakin nasa ne ya kai mu ƙara, da zuciya ɗaya.

Wakilin ya zo kafin wata ya ƙare. Ya nemi rasit, Beki ta miƙa masa, komai a rubuce yake yadda aka yi. Ta fara bayanin cewa cinikin ya girmi dokar, ya ce, "Don Allah kada ki gaya mini, ba ni da izinin ji." Idonsa ya yi ja, yaron kirki ne. Ya kwance allon mai wuta da kansa, ya tura akwatin gwajin zuwa motarsa. Ni na riƙe masa ƙofa. Inda allon yake ya bar farin wuri a bango, fentin kewaye duk ya dushe sai nan.

Da a shekarar daɗi abin ya faru, da wataƙila mun jure. Amma ya faɗo daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, shekarar da mutane ke rasa gidaje da ayyuka. Wa zai sayi sabuwar sanda? 'Yan kaɗan da ke saye sun bi kamfanin zuwa babban shago. Likitan haƙorin ma ya daina zuwa a daddaka masa tebur. Beki ta sallami yaran kanti biyu, ta rage kwanakina, na koma ɗaukar kwali da safe a wurin da na baro shekaru da yawa. Matata ta ce, "Malam, kai da ba ka son soja, ga shi soja ya cinye mana rabin albashi." Na ce ba soja ba ne. Ta ce, "Bon, to wane ne?" Na kawar da zancen, don in na ce tsohona ne da ke kwance a maƙabartar Maradi ba za ta ji daɗin amsar ba. Na ji tsoro a shekarar nan, ba zan ɓoye muku ba. Beki kuma ta yi watanni ba ta ce mini komai ba sai maganar aiki.

Wani abin dariya mai ciwo, daga baya muka ji kamfanin da kansa ya fito da tsarin mayar wa soja wani abu ta gidan waya bayan ya saya a cikakken farashi. Ragin dai aka yi, amma daga hannunsu, farashin kanti bai motsa ba. Beki ta rubuta musu ta nemi a mayar mana da izini. Ba a mayar ba.

Sai wata Asabar wata mota ta tsaya, samari uku masu askin soja suka fito da tsofaffin jakunkuna. Daga wajen Fayetteville suke, inda babban barikin yake, tafiya mai nisa. Sun ce sun karanta abin da Saje ya rubuta, sun kuma ji abin da ya biyo baya. Ba sabuwar sanda suke so ba, sabon mariƙi suke so a kan tsofaffin. Na yi musu. Da na zo lissafi na cire kashi goma kamar yadda gilashi ya ce, sai babbansu ya tura mini takardar ya ce in rubuta cikakke. Na ce doka ce ta shago. Ya ce shi ba zai karɓa ba. Na ce in cire biyar, ya ce a'a. Na ce to uku. Ya ce ko ɗaya. Ni Lawali, da na yi shekaru a ƙasar nan ina kewar ciniki, ga shi na samu, amma a juye, ina jan farashi ƙasa mai kaki yana jansa sama. Mista Wendel yana jinmu daga kujerarsa yana dariya har da tari.

Sati na gaba wasu suka zo, bayansu wasu. Kada ku ɗauka sun cece mu, tatsuniya ce ke ƙarewa haka. Kuɗin mariƙi ba ya biyan hayar babban shago. Muka saki gaban, muka koma ƙaramin ɗaki a bayan ginin, teburin aiki da bayis da na'urar lanƙwasa da allo. Beki ta koma banki, tana zuwa ƙarshen sati ta duba lissafi. Da za mu tashi ta sa aka ciro gilashin nan mai jan rubutu ɗungum, ta ɓare ƙaramar takardar da muka manna da farcenta, ta ce in nemo inda zan jingina shi. A ɗakin nan na yi sauran shekaruna, kuma ya ciyar da 'ya'yana.

Saje Tilman ya zo bayan mun koma ƙaramin ɗakin. Ya sha wuya kafin ya gano ƙofar. Ya tsaya yana kallon ɗan ɗakin, da gilashin a jingine da bango, da tsohon a kujerarsa. Ya ce sai daga baya ya san abin da rubutunsa ya jawo. Ya fito da ambulan ya ajiye a teburina, ya ce cikon ne, kashi goman, in da hali a kira kamfanin a ce ya biya cikakke, kuskure aka yi. Ya ce, "Da kun gaya mini, wallahi da na biya."

Na ce na sani.

Na ɗauki ambulan ɗin na sa masa a aljihun jakar sandunansa na ja zif. Na ce, "Saje, cinikin nan ya ƙare tun kafin ka hau jirgi. Ba ka da abin biya, ni kuma ba ni da abin sayarwa."

Ya ce to me zai yi mana, don ba zai iya tafiya haka ba. Na zaro sanda ɗaya daga jakar na duba. Mariƙin ya cinye, wurin babban yatsa har ya yi rami, robar ta yi sulɓi. Mariƙi ba ya cinyewa haka sai a hannun mutumin da ke fita fili kusan kullum. Na nuna wa Mista Wendel, ya karɓa da hannun hagu ya shafa ramin da yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya miƙo mini.

Na ce wa Saje in yana son yi mana wani abu ya ja kujera, mariƙin nan ya isa canji. Na danne sandar a bayis, na ɗauko wuƙa mai ƙugiya.